Zaman da Dorin Ya Daina Zuwa

Vaslui, 3 ga Oktoba

Dorin,

Ina gaishe ka, ka gaishe min da Mama.

Yau Alhamis uku ke nan ina zuwa zaman iyaye ni kaɗai, da Mirela a cinyata. Mata takwas, maza takwas muka fara, mazan sun koma uku. Kai ka ce mu yi rajista, ka ce ko ba mu yi aure ba, 'yarmu ta tashi gidan da ba a ihu. Sau huɗu ka zo, sai ka tafi ƙauye wai tsinkar inabi. An gama tsinka, Dorin.

Malama Otilia ta tambaye ka. Na ce, "Yana aiki." Matar da ke gefena ta ce, "Nawa ma aikin yake, tun bara."

In wata mace ce, ka faɗa min.

Ka huta lafiya,
Sorina

11 ga Oktoba

Sorina,

Gaisuwa gare ki da Mirela. Mama tana amsawa.

Babu wata. Kin tuna zama na huɗu, da Malama ta ce kowa ya tuna yadda ubansa ke faɗa da uwarsa, mako mai zuwa ya ba da labari? Nawa kwano yake fara jifa, kafin ya kai hannu. Talatar da ta biyo bayan zaman na jefi bango da kofi, kin gani. Abin da ba ki gani ba, da na ɗauki Mirela akwai ɓarɓashinsa a gashinta.

Na tambayi Mama yaushe Baba ya fara dukanta. Tana tuƙa tuwon masara, ba ta juyo ba. Ta ce, "Kana wata goma."

Mirela watanta tara. Zamana a nan ya fi muku.

Allah ya tsare ku,
Dorin

17 ga Oktoba

Dorin,

Mun gaishe ka.

Na gani. Ni na wanke mata kan.

Ba ka zo ka ji nawa labarin ba. Babana bai taɓa ɗaga murya ba. Wata safiya ya ce zai je aiki Italiya, ina da shekara biyu. Ban san fuskarsa ba.

Saura zama huɗu. Ka zo ka faɗa a gaban mutane abin da ka rubuto min. Ba na ce ka dawo gida ba tukuna.

Alhamis, ƙarfe huɗu.

Sorina