Zanen Mariya

Durumi, Abuja
17 ga Agusta, 2006

Zuwa ga Goggo Rakiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Na ba Mato direba wannan takarda tunda har yau waya ba ta kamawa a ƙauye.

Kada hankalinki ya tashi, mijina Abdulhakim yana raye, yana asibiti da karaya a ƙafa. Ranar Talata da azahar bene mai hawa biyar da ake ginawa a bayan layinmu ya rufta. Ofis ne ya tura shi duba aikin, ginin ya faɗo yana ciki tare da leburori. Da na isa an kawo katafila za a fara kwasa, ba wanda ya san inda mutanen suke. Kowa ya san in ta hau kansu shi ke nan.

Akwai wata Mariya da ke sayar wa leburori shinkafa da tuwo a bakin ƙofar, shekara shida muna gaisawa. Ta ja ni gefe ta ce, “Hajiya, riƙe min zanena. Kada ki ba kowa.” Ta shige bayan tarin bulo, ta miƙo min shi.

Goggo, kura ce ta fito, da rana tsaka, girmanta ya kai maraƙi. Jama'a suka watse. Ita ko kallonsu ba ta yi ba, ta hau ɓaraguzan tana shinshinawa, ta tsaya nan ta tona, ta koma can ta tona, har faratanta suna jini. Inda ta tona sai ka ji nishi. Masu ƙarfin hali suka dawo da shebur suna bin bayanta. Mutum bakwai aka fitar. Abdulhakim da bakinta ta jawo shi ta wuyan riga, ko ƙwarzane ba ta yi masa ba. Tana tona wuri na takwas wani mai bindiga ya harbe ta a cinya, ta gudu ta yi wajen rafi.

Zanen yana cikin akwatina. Mazan unguwa sun fita nemanta da karnuka. Ban faɗa wa kowa ba. Me zan yi?

'Yarki,
Najwa

*

Ƙauye, ranar Juma'a

Najwa,

Na gode wa Allah da ya tsare mana Abdulhakim. Malamin makaranta ke rubuta min, na sa ya rantse zai riƙe bakinsa.

Ba yau aka fara ba. Ina yarinya akwai gidan masu rikiɗa a garinmu, kakanki ya yi maƙwabtaka da su shekara talatin, ko ɗan akuya bai taɓa ɓace masa ba. Dokarsu ɗaya ce, ba sa nuna kansu. Matar nan ta san abin da ta sadaukar kafin ta ba ki zanen nan.

Ki saurara. In babu tufar da ta cire, ba za ta koma mutum ba. In kwana bakwai ya wuce, magana ma za ta manta. Ki je Tungan Maje ki nemi mahauci mai suna Ɗangoggo, ki ce 'yar gidan Sarkin Noma ce ta aiko ki. Kada ki tambaye shi komai. Ki kai zanen da hannunki, ke aka ba amana.

Za ki ji tsoro. Ki tafi da tsoronki.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

*

Durumi
23 ga Agusta

Goggo,

Ina gaishe ki. Na je ranar kwana na shida. Ɗangoggo ya dube ni, ya dubi ledar zanen da ke hannuna, ya rufe teburinsa. Muka shiga mota har bayan gonakin Sheda, muka taka da ƙafa zuwa wani kogon dutse. Hantsi ya yi sosai. Ya tsaya daga nesa ya ce, “Ki kira sunanta.”

Kurar tana kwance a ciki, ƙudaje sun rufe raunin. Ta ɗago kai ta dube ni. Na kira sau biyu ba ta motsa ba, a na uku ta sunkuyar da kai. Na shimfiɗa mata zanen na juya baya.

Can sai na ji murya a shaƙe: “Hajiya, oga ya tashi?”

Na ce ya tashi.

“Na ji numfashin wani a ƙasa, ban ƙarasa ba.”

Na ce mata an ci gaba da tona daidai inda ta bari, an fito da Zacharias birkila da ransa. Sai a lokacin ta yi kuka.

Wata likita ƙawata ta cire harsashin, ba ta tambayi komai ba. Na roƙi Mariya ta zauna a gidanmu, ta ƙi. Ta ce masu rikiɗa suna da yawa a garin nan, akwai a sakatariyar gwamnati, akwai masu tasi, kuma ta jefa su duka cikin haɗari. Manyansu za su zauna a kanta ranar Asabar. Na ce zan je in yi mata shaida, ta yi dariya ta ce ba a shiga da baƙo.

Goggo, na yi karatu, na zauna da manyan mutane a ma'aikata, ban taɓa ganin irin matar nan ba. Ki sa ta a addu'a.

'Yarki,
Najwa

*

Hajiya Najwa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da oga. Ɗangoggo zai kawo miki wannan.

An zauna. Sun ce in bar Abuja, ba zan faɗa miki inda za ni ba, kada ki ji haushi. Tukwanena ki ba matar Zacharias, ta iya girki.

Babbanmu ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce masa mutanen nan takwas, kowanne na san yawan yajin da yake so a miyarsa. Sai ya ce a ba ni mota mai kyau saboda ƙafata.

Ki huta lafiya.
Mariya