Jitar Babanki a Ranar Godiyar Kaka

Wara, 8 ga Satumba

Zuwa ga ɗiyata Miracle,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya karatun jinya a Yelwa? Mu nan lafiya lau, ruwa ya fara cika, kifi sai godiya.

Ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan. Na sauko da jitar babanki daga bango. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ba wanda ya taɓa ta a coci, ni kuma shirunta ya ishe ni. Na je wurin Dogo shugaban mawaƙa na ce ya koya mini. Ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga ba wasa nake ba ya ce in fara yanke farcen hannun hagu. Mai gyaran kifi babu farce! Na yanke.

Kamun waya iri uku ya ba ni, wai su ne tushen kowace waƙa. Biyu sun yarda da ni, na ukun kuwa ƙara yake kamar kazar da aka taka. Yatsun da suka shekara talatin a kan banda, ga shi siririyar waya ta sa sun yi bororo. Halimatu maƙwabciyata ta ce awakinta sun daina shigowa gidanmu.

Burina ɗaya ne. Ranar godiyar kaka in tsaya inda yake tsayawa, in kaɗa waƙar da yake buɗe sujada da ita, jama'a su ji. Ki zo.

Innarki,
Kande

Wara, 2 ga Disamba

Miracle,

Ina fatan kin koma lafiya, kuma murar nan ta sake ki. Ni jikina ƙalau. Zuciyata ce ba ƙalau ba.

Kin ga yadda aka tafa mini ranar Lahadi. Kin rungume ni gaban kowa kin ce ko babanki sai haka. Kwana uku ina yawo kamar an naɗa ni sarauta. A kasuwa har gyara nake yi wa masu sayen kifi don murna.

Jiya Susan ta zumuntar mata ta nuna mini bidiyon da ta ɗauka a wayarta. Na ji ganga, na ji fiyano, na ji kukan jinjiri a bayan coci. Jita ban ji ba, ko tsirkiya ɗaya. Hannuna kawai ke hawa da sauka, ina ta washe baki. Ranar na zaci ƙarar ganga ce ta rufe mini kunne. Na ce Susan ta maimaita, sai na gan ki da shuɗin ɗankwalinki, kin sunkuya bakin lasifikar da aka jona jitar, kin murɗe ta kin kashe sautin. Dogo yana kallonki, ya kau da kai.

Na san abin da za ki ce, kin ji ina gwaji ranar Asabar kin ji tsoron a yi mini dariya. Gaskiya ne, kamun nan na uku har yau yana kuɓuce mini. To da kin faɗa mini a ɗaki, ni da ke. Ni da na wanke kashinki, dariyar mutanen Wara ce za ta kashe ni? Wata uku ina fasa yatsu don a ji ni, ke kuma kika tsayar da ni gaban jama'a kamar mutum-mutumin gona. Kunya ta kama ni, amma ciwon ya fi kunyar, don hannunki ne.

Na gaya wa fasto zan sake kaɗawa ranar Kirsimeti, da kuskurena da komai. Ki zo, gidanku ne, ga kifinki na ajiye. Amma a bencin baya za ki zauna.

Innarki,
Kande