Katangar da Ta Ƙi Faɗuwa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Ki gaishe da maƙwabta, ban da telan bakin layi da ya yi mini dariya ranar da na ɗauko jakar makaranta.

Yau sati biyu ke nan ina kwaleji. Kin dai san ba marmarin boko ne ya kawo ni ba. Shekara talatin da ɗaya ina ɗora bulo a kan bulo, sai kamfani ya ce daga bana ba mai shugabantar magina sai mai takardar shaida. In ban samo ta a wata shidan nan ba, zan koma ƙarƙashin mutanen da ni na nuna musu yadda ake riƙe cokalin gini.

An ba ni gado a ɗakin ɗalibai, na sama kuwa. Na hau bene hawa huɗu a kan katako ban ji tsoro ba, amma wannan gadon sai na yi addu'a nake saukowa. 'Yan ajinmu sun laƙaba mini Kaka.

Ga babban labarin: mai koya mana aikin hannu ba kowa ba ce illa Autarki. Na san a nan take koyarwa, ban dai zaci ajinta za a jefa ni ba. Ta shigo da hular kwano, ta kira sunana a rajista ko gezau, ni kuma na amsa mata da Malama ina jin kamar in nutse.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwaɓinsu. Yashi ne da farar ƙasa kawai, babu ko ƙwayar siminti, wai don a rushe ginin gwaji a kankare bulon a sake aiki da shi. A gina da safe, a ture da yamma. Ni da ko kejin kaji ban taɓa ginawa ya faɗi ba, abin yana hana ni cin abinci.

Ki kula da kanki.
Mijinki, ɗan makaranta da furfura.

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fatan maganin ƙafar ya karɓe ki. Ni lafiyata ƙalau, sai dai na jawo wa kaina magana.

Ranar Alhamis aka yi jarrabawar aikin hannu. Kowa zai ta da katanga mai kusurwa, tsayin ƙirji, a bar ta har Litinin a duba. Na ce a raina, katangar da za a rubuta sunana a jikinta ba za ta tsaya da kwaɓin wasa ba. Akwai magina da ke gyaran shingen kwaleji, na roƙi siminti a wurinsu na cika jakar littattafaina, na zazzage shi a kwaɓina ba wanda ya gani. Hali zanen dutse.

Ranar Litinin aka gama dubawa, aka ce kowa ya ture tasa. Katanga goma sha tara suka zube kamar an tura kwali. Na dafa tawa na yi kamar ina turawa, ta ƙi. 'Yan aji huɗu suka sa kafaɗa, ko motsi. Shugaban sashe, wani mai ƙaton tumbi, ya ce su matsa su ga yadda ake yi, ya ja da baya ya kai mata hauri. Yanzu da silifa yake zuwa ofis.

Autarki ta kankari kwaɓin da ƙusa, ta murza a yatsa, ta dube ni. Kallon naki ne sak. Dokarsu ta ce duk wanda ya taɓa kwaɓin jarrabawa ya faɗi, ana ma iya korarsa. Gobe za a yanke hukunci, kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji.

Ki sa ni a addu'a.
Mijinki.

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonki, kuma ina roƙonki ki ajiye mayafin nan, kada ki zo ja wa kowa kunne.

Da shugaban sashe ya gano ni ne mahaifin Malama, sai ya ce a rufe maganar a ba ni makina. Ita ce ta ƙi. Ta ce ba za a kore ni ba, amma ba za a ɗaga mini ƙafa ba: sifiri, sake jarrabawa bayan wata ɗaya, kuma in rushe katangar da hannuna. Kwana biyu ko gaisuwarta ban amsa ba.

Kwana uku na yi ina dukan katangar nan da guduma, ina tsine wa ingancin aikina. A rana ta uku Autarki ta zo ta tsaya a kaina har na ajiye gudumar, sannan ta ce, "Baba, sau uku na auna ta ina neman aibi, don sifirin ya yi mini sauƙin rubutawa. Ban samu ba."

Na ce mata ƙura ce ta shiga idona. Ƙarya nake yi.

Jiya na sake jarrabawar da kwaɓinsu na yashi, kuma na ci, takardata tana hanya. Da aka ce in ture katangar, sai na juya mata baya na jingina kamar mai hutawa, don ba zan iya kallo ba. Katangar ta tafi, na bi ta, ƙafafuwa sama a gaban aji. Malama ce ta fara dariya, ita ce kuma ta ɗaga ni.

Ki tanadar mini man zafi.
Mijinki, shugaban magina.