Na Gyara Saƙon da Mijina Ya Rubuta, Wata Tsohuwa Ta Rasa Aikin Ido

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a zage ni, kunyar da nake ciki ta ishe ni.

Mijina yana haɗa shafukan intanet a nan Tambuwal. Wata ƙungiya da ke kawo likitocin ido kyauta ta ba shi aikin shafin da marasa lafiya za su yi rajista. Da yake na fi shi iya tsara Hausa, sai ya miƙo mini kwamfutarsa in gyara kalaman da mutane za su gani. Ya ce kowane saƙon matsala da lambarsa: 404 ita ce an nemi shafin da babu, 500 kuwa na'urarsu ce ta gaza, rajista ba ta shiga ba. A ƙarƙashin 500 ya rubuta: "Matsala daga gare mu take, ba mu karɓa ba, a sake gwadawa." Wallahi sai na ji nauyi. Ya za a yi mara lafiya ya yi sallama a kore shi haka? Kuma daga Tambuwal har Kebbe maƙwabciyarmu a karanta cewa aikin Malam ya gaza? Na goge, na sa: "Mun gode, mun karɓa, Allah ya ba da lafiya." Ban gaya masa ba.

Ashe idan jama'a suka yi yawa na'urar gazawa take yi. Ranar aikin idon, wata tsohuwa ta zo daga garin Fakku, jikarta na riƙe da sandarta, aka ce babu sunanta. Gidanmu aka nuno musu. Na ba ta ruwa, ta lalubo hannuna ta ce, "Ɗiyata, mi munka yi? Wayar ta ce an karɓa, har addu'a ta yi mini." Na kasa ɗaga kai.

Malam ya rame, yana ta neman kuskuren inda ba ya nan, don kalamaina sun yi kama da na wanda rajistarsa ta shiga. Ƙungiyar ta ce za ta karɓe aikin. Jiya ya ce mini, "Maman yara, sa ni a addu'a, ke kaɗai ba ki zarge ni ba." Na ce to.

An sake buɗe rajista, kalamaina na nan. Na san jikar tsohuwar nan za ta sake gwadawa. In na gyara a ɓoye, zai ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba. In na faɗa, da wane ido zai dube ni?

Jama'a, me zan yi?