Wutsiyar Jirgin da Na Ƙi Aunawa

Ya sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata,

A gurguje nake rubuto miki, rubutun duk ya karkace, ni da reza ba ta taɓa kauce min a kan layi ba.

Kin tuna ranar da muka haɗa ɗan jirgin saman nan mai rimot a teburin shagona, a tsakiyar matattun rediyoyi? Kika riƙe min rassan wutsiyarsa biyu, a buɗe kamar an ɗaga yatsu biyu sama, har gam ya bushe. Na ce digiri ɗari da goma, kada ki motsa: in ta matse, hancin jirgi ya riƙa dungure, in ta baje da yawa, ya riƙa yauƙi hagu da dama. Kika tuntsire da dariya, wai ko surukarki ba za ta tsananta miki haka ba! Wayyo, wa zai mayar da ni wannan yammaci?

Shekaranjiya wasu mutum biyu suka zo a mota mai baƙin gilashi. Sun ga jirgin yana shawagi a filin ƙwallo, suna son irinsa shida, manya. Dogon cikinsu ya tambaye ni faɗin wutsiyar da za ta riƙe jirgi in an ɗaura masa kaya mai kilo uku, ya sauko tsakiyar taron jama'a bai kauce ba. Na ce kayan mene ne? Ya ce, "Mai gyara, kai dai auna." Da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo: "Ka gaida telar nan ta kan kwana, mai shuɗin mayafi."

Tauraruwata, a ina ya san mayafinki?

Yau da safe na ƙona zanen jirgin, na je na zayyana wa 'yan sanda komai. Suka ce in koma shago in zauna, tun da mutanen sun ce sai Alhamis za su dawo.

Don Allah ki rufe keken ɗinkin, ki tafi gidan yayarki. Kada ki biyo ta layinmu, kada ki kira ni. In kin ji shiru, wallahi ba mantuwa ba ce.

Maƙwabcina mai walda zai kawo miki wannan ta ƙofar baya. Motar ta wuce sau biyu tun da na fara rubutu. Ga ta nan ta tsaya, yau kuwa Talata ce.

Naki ne ni, ko na zo ko ban zo ba,
Mai gyaranki