Itacen Jegon Madina

Gashuwa,
Farkon watan Zulƙida, 1943.

Zuwa ga maigida, Malam Bappayo, dillalin shanu a Nguru.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta abokan sana'arka, da yadda kake fama da ɗawainiyar kasuwa. Allah ya sa dabbobi suna shiga jirgi lafiya. Mu nan mun gode Allah, sai dai ni raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Na san ba ka iya karanta takarda da kanka, sai ka kai wa wani. To duk wanda zai karanta maka, ina roƙonsa don girman Allah kada ya tsallake ko kalma ɗaya.

Madina ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ka gani da idonka zuwan da ka yi, ko da yake ka yi kamar ba ka gani ba. I, Madina na rubuta. Ni ma 'yar farina ce, ni ma na yi shekaru ina ce mata "ke" ina ce mata "yarinyar nan", amma bana na ajiye wannan. Cikinta ya tsufa, ungozoma ta ce da wuya ta wuce Babbar Salla, watau a tsakiyar ɗari za ta haihu. Mijinta Ya'u, wanda itacen wankan jego ke wuyansa, an ɗauke shi soja, ko inda aka kai su ba mu sani ba. Danginsa kuwa da ƙyar suke ci da kansu. Saboda haka kayan ya dawo kanmu, ni da kai.

Ni dai ban kwanta ba. Tun da ruwa ya ɗauke na yaɓe ɗakina ciki da waje, don a nan za ta yi jego, na toshe duk wata tsaga da iska za ta bi. Na gyara gadon ƙasa, na buɗe masa ramin wuta a ƙarƙashi. Tsofaffin zannuwana na haɗa da gwadon nan namu da ya mutu, na ɗinke su ninki-ninki, don ka san tun da yaƙin Turawan nan ya tashi ko ƙyalle ya fi ƙarfin talaka, balle bargo. Na saƙa wa ƙofa tufaniya. Na tara kandilo daga garke, na tsinci ƙodagon goruba har yatsuna suka farfashe, na sami ɗan itacen bagaruwa a bakin kogi. Kanwa da citta da masoro na kunu suna nan a tukunya. Duk wannan ban tambaye ka komai ba.

Abu ɗaya na dogara da shi, karan gonarmu. Da shi zan yi darni in kewaye wurin wanka, da shi zan tafasa ruwa safe da yamma har a yi arba'in. Na gaya maka, ka ce to. Kashegari kana zaune a rumfar ƙofar gida da mutane, ɗan'uwanka Hamajoɗa ya zo ya tambaye ka ko ya saki shanunsa a gonar, ko kuwa akwai mai buƙatar karan. Sai ka sunkuyar da kai ka ce babu. Gumsu maƙwabciyarmu tana jin ku ta bayan danga. Bakinka ya kasa cewa na 'yarka ne, don kada Fulani su ce Bappayo ya damu da 'yar fari. Kafin labari ya iso ni shanu sun tattake gonar kaf, sun bar mini ɗanyen kashi, sai in zauna in jira ya bushe.

Ban ga laifin Hamajoɗa ba. Ya tambaya, kuma haka aka saba kowace kaka. Laifinka na gani. Kada kuma ka ɗauka wasan Barebari da Fulani nake yi maka, wannan karon ba na dariya. Ka san sanyin bakin kogin nan, in ya shiga jikin mai jego ba ya fita da sauƙi.

Abin da ya rage yanzu, ka nemo sakala, bargon nan mai kauri, a kasuwar Nguru, ko da tsohuwa ce, ka ba Madu mai raƙumi, wanda zai kawo maka wannan takarda. Ka haɗo masa da itace gwargwadon abin da ya samu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tafiyar ta matso.

Ka gai da mai masaukinka da iyalinsa. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ni ce matarka,
Yagana.

Gashuwa,
Bayan Babbar Salla.

Zuwa ga maigida, Malam Bappayo.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata gajiyar cinikin raguna ta sake ka. Madu ya ce cinikin ne ya riƙe ka ba ka zo ba, na ce to, Allah ya sa haka ne.

Madina ta sauka ranar jajiberin salla. Ta sha wuya ƙwarai, amma Allah ya raba lafiya, an sami namiji. An yi suna, baffan Ya'u ya raɗa masa Abbo. Barka, ka zama kaka. Ƙafafun san da ka aiko, waɗanda ka ce wai na "mutanen gida" ne, na yi mata ƙauri da su, ta ci.

Yanzu maganar sakala. Na tsare Madu a ƙofa sai da ya ba ni labari duka. Ya ce yini guda ka yi kana zaga kasuwa, kana taɓa wannan kana ajiye waccan, har ka zaɓi wata baƙa mai ratsin fari ta gashin tumaki, ka ba da rigarka ta salla a madadinta. Da na ji haka sai da zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe mutumin nan yana ji. Sa'an nan ya ce da ya zo ɗaure kaya, dillalai suna zazzaune, ya tambaye ka wa zai ba. Ka dubi ƙasa, can ka ce ya kai wa Dada. Madu Babarbare ne irina, abin da aka faɗa masa shi yake ji. Ya ratse Dagona ya miƙa wa mahaifiyarka. Tsohuwa ta lulluɓa, ta yi ta sa maka albarka, duk unguwa sai da aka zo aka gani.

To gaya mini, da wane baki zan je in ce wa surukata ta tuɓe abin da ɗanta ya aiko mata? Wa ka zaci zai gane nufinka, Madu ko raƙumin? Ka sayar da rigarka, ka zauna cikin ɗari da taguwa, kuma yarinyar da ka yi dominta ko warin sakalar ba ta ji ba. Itace kuwa ban gani ba, ban sani ba ko shi ma ka ce a kai wa wani ne. Wallahi ranar da na ji labarin nan kasa cin tuwo na yi don baƙin ciki.

Ɗari ya sauka sosai. Da safe ruwan randa ba ya taɓuwa. Bagaruwar da na tara tun kafin suna ta ƙare. Kandilo hayaƙinsa ya fi wutarsa, jaririn har ya fara tari. Na cire dangar bayan gida na hura, na fasa tsohon turmi na hura. Gumsu ta ba ni abin da za ta iya, ita ma tana da nata 'ya'yan. Wankan da ake yi sau biyu ya koma sau ɗaya, ruwan ma ɗumi-ɗumi, ga shi a fili don babu darni, iska tana dukanta ta ko'ina. Ganyen tsamiyar da nake watsa wa Madina ruwan da shi kan huce tun bai kai jikinta ba. Gwadon da na ɗinka ita da yaro suke rufa, ni ina gefen murhu da zane ɗaya, kuma ban damu ba. Jiya ta fara cewa haƙarƙarinta yana suka in ta ja numfashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, halinka ta ɗauko tsaf. In na tambaye ta ko tana jin sanyi sai ta ce a'a, alhali haƙoranta suna haɗuwa. Shekaranjiya mata suka zo barka, yaro ya farka yana ta tsala kuka don ya tutture mayafinsa, ita kuwa ta kau da kai tana kallon bango, wai kunyar ɗan fari. Na ɗauke shi na dangwara mata a cinya a gabansu, na ce mata a gidan nan kunya ta ci kara ta ci sakala, ba za ta ci mini jika ba. Matan suka yi ta kallona, su kalla.

Madina ba ta tambaye ka ba, ta san gidan da ta fito. Ni ce nake tambaya. Ka zo, ko ka aiko da itace, kuma in Madu ya ce na wa ne ka buɗe baki ka gaya masa.

Gumsu tana gaishe ka. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Matarka,
Yagana.

Gashuwa,
Watan cika-ciki, 1944.

Zuwa ga maigida, Malam Bappayo.

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, kai da duk wanda kake tare da shi. Allah ya sa mun shiga sabuwar shekara a sa'a.

Madu ya dawo da amsarka. Ya ce ka tambayi lafiyar mutanen gida, ka sake tambayar lafiyar mutanen gida, idonka ya yi ja, sa'an nan ka tambayi jar karsanarka. Karsana lafiyarta lau. Ɗaurin itacen da ka aiko, wanda ka ce wai don girki ne, ya iso bayan abin da zai faru ya faru.

Kwana biyu da tafiyar takardata Madina ta kwanta. Zazzaɓi ya rufe ta, numfashi sama-sama, ba ta san wanda ke kanta ba. Nono ya janye, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe, sai wata mai goyo a gidan Gumsu ta riƙa ba shi. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho, ya taɓa gadon ƙasa ya ji shi kamar dutsen niƙa don sanyi, ya ce in ba a gasa ɗakin nan ba kada in wahalar da shi ya sake zuwa. Na fita tsakar gida na duba gabas na duba yamma, babu ko tsinke da zan sa a wuta.

Sai na dubi turakarka. Ɗaki a rufe, jinka mai kauri, gwafanni na bagaruwa, mai shi yana Nguru yana jin kunya. Na kira Gumsu. Muka fito da akwatinka da buzunka da sandarka muka ajiye a gindin aduwa, muka kama jinkar muka sauke. Bunu ya tafasa ruwa, tanka da gwafanni suka shiga ƙarƙashin gado. Da suka ƙare na fasa ƙyauren, na bi da gadonka, na bi da rumfar ƙofar gida, wadda ka zauna a ciki ka ce babu mai buƙatar kara. Wanka ya koma sau biyu da ruwa mai ƙuna, ɗaki ya yi zafi har bango yana gumi. Ba izininka na nema ba, kuma ba haƙuri nake ba ka ba. Gobe ma aka sake, haka zan yi.

Allah ya taimake mu zazzaɓin ya sauka. Ta rame ƙwarai, tari bai bar ta ba, ungozoma ta ce ƙirjin nan sai an yi ta lallaɓa shi kowace shekara in sanyi ya zo. Amma tana shan kunu, nono ya dawo.

Bayan ta farfaɗo sai ga Dada a kan takarkari tun daga Dagona, lulluɓe da sakala. Ta zauna, ta ɗauki yaro tana ce masa mijinta, ta dubi inda turakarka take, ta kau da kai. Ko lafiyarka ba ta tambaya ba, kai ma ai ɗan farinta ne. Da za ta tafi sai ta tashi ta bar sakalar a ƙafar gado. Na bi ta da ita har ƙofa, ta ce ita ba ta zo da komai ba, ta hau takarkarinta da zane ɗaya cikin iskar nan ta tafi. Ashe tun ranar da Madu ya miƙa mata ta san ta wa ce. Ta riƙe ta ne har ta sami hanyar kawowa ba tare da an ce ɗanta ya yi wa 'yarsa aike ba.

Na yi kuka bayan tafiyarta, kuma ba na daɗi ba ne. Kai ka gane ta, ita ta gane ka, kowa ya fita kunyar kowa, mutuncin Fulani bai zube ba. Tsakanin shirunka da nata kuwa 'yata ta kusa mutuwa. Na san kana son yarinyar nan, na fi kowa sani, shi ya sa na kasa yafe maka. Da ƙinta kake yi da na san yadda zan yi da kai.

Yanzu gidanka ɗaki ɗaya ne ke da rufi, kuma Madina ce a ciki da ɗanta. Ban hana ka zuwa ba. In ka zo, ko ka shiga ka zauna a bakin gadonta ka ce mata sannu da bakinka, ko ka kwana a garke wajen karsanarka. Kada ka sake aiko Madu, abin da ya rage mana raƙumi ba ya iya ɗauko shi. Madina ta fara tashi zaune da kanta. Duk namijin da ya yi sallama a ƙofar gida sai ta ɗaga kai, in ta ji ba muryarka ba ce ta mai da shi, ta ce mini wuyanta ne ya gaji.

Ka gai da mai karanta maka, na gode masa. Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce,
Yagana, uwar Madina.