Abin da likita ya ce a gaban Inna

Zuwa ga Hajiya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da mutanen Dayi. Ban sa sunanki ba, ko da wani zai ga wasiƙar nan. 'Yarmu Binta ce kawai za ta gane, ita za ta karanta miki daga wayarta.

Kaka biyu ke nan da kika ce za ki je taya ƙaninki ɓarar masara. Masarar nan an ɓare ta, an ci, an shuka wata. Ni kuwa ina nan Funtua, ina dafa shayin mutum ɗaya a tukunyar mutum biyu.

Shekara talatin na koyar da Turanci. Waɗanda na koyar yau suna wuce ni a mota, ba ko ɗaga hannu. Na daɗe ina ƙorafi cewa boko bai amfana mini komai ba. Gaskiyar ita ce rana ɗaya aka buƙaci bokon nan a gidana, kuma a ranar na kasa.

Kin tuna ranar da aka sallame ki, bayan an yi miki aikin mahaifar da ta sauko. Likitan ba Bahaushe ba ne, ni ne tafinta. Ya daɗe yana bayani, Inna tana zaune a bakin gado da carbinta. Da ya gama na juyo na ce miki, ya ce aiki ya yi kyau. Kika dube ni kika ce, "Malam, duk wannan dogon Turancin, iyakarsa ke nan?"

Ba iyakarsa ba ke nan, Hajiya. Cewa ya yi wasu matan, idan aka mayar da mahaifa wurinta, fitsari kan riƙa zubo musu in sun yi tari ko dariya ko sun ɗaga kaya. Ya ce ba laifin mace ba ne, kuma akwai abin yi: motsa jikin da ake koyarwa, ko magani, ko ƙaramin gyara. Ya ce in hakan ta faru, ki koma. Ni kuwa na ji nauyin ambaton fitsarinki a gaban surukata. Na ce sai mun je gida. Da muka je gida na ce sai gobe.

Da abin ya fara, sai na ga in na faɗa a lokacin, asirina zai tonu. Na yi shiru ina kallonki.

Kika rage shan ruwa har leɓenki ya tsattsage. Kika daina zuwa biki da suna. Kina sake alwala sau uku, kina canza zani, kina shakkar sallarki. Ke da ake jin dariyarki tun daga zaure, kika koyi danne ta da gefen mayafi.

Sai ranar da na shigo ɗakinki na buɗe taga don zarni ya fita. Washegari kika fara ɗaure kaya. Abin da kika ce kawai shi ne, "Gara in je inda aka wanke mini tun ina jaririya."

Kina zaton jikinki ne ya ci amanarki. Ni ne.

Katin asibitin yana nan cikin akwatina. Ban ce ki dawo ba, ba ni da wannan bakin. Ki dai yarda mu koma wurin likita, Binta ta yi miki tafinta.

Ranar Juma'a zan zo Dayi. Ki ce wa Inna kada ta tashi in na shigo. A gabanta zan maimaita maganar nan, da Hausa, ba tare da na rage ko kalma ɗaya ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya karɓi sallolin da kika yi cikin shakka, ya mayar miki da dariyarki, ko da ba a gidana za a ji ta ba.

Naki, mai jiran Juma'a,
Malam